Ƙawance Koyonsa Ake Yi

    

Yau maganar 'yan mata za mu yi. 'Yan matan gidajen Kirista waɗanda suka fara tasawa, daga masu shekara goma zuwa masu shirin jarrabawar BEPC. Iyayena mata, ku matso kusa da rediyo. Maƙwabtanmu Musulmi, don Allah kada ku murɗa tasha. 'Ya'yanku ne ke zama benci ɗaya da namu a lakwal. Maganar ta shafe ku.

Ga abin da nake so in faɗa, kuma zan ta maimaita shi har mu rabu. Ƙawance koyonsa ake yi. Ba a haihuwar yarinya da shi. Koya mata ake yi, kamar yadda ake koya mata tuƙa tuwo.

Bari mu fara da abin da muke koyarwa yanzu.

A majami'a muna koya wa 'yan mata waƙa. Muna sa su haddace ayoyi. Suna sharar coci ran Asabar, suna shiga jerin mawaƙa ran Lahadi. A gida muna koya musu girki da wanki da durƙusa wa manya. Duk wannan daidai ne. Amma in aka zo kan ƙawaye, darasi ɗaya tak muke da shi. "Kada in ƙara ganinki da 'yar gidan wane." Sai mu ɗora da cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Shi ke nan, an tashi daga karatu.

Ban ce ƙarya ba ne. Gaskiya ne, amma rabinta muka faɗa. Mun nuna wa yarinya wadda za ta guje wa. Ba mu nuna mata yadda ita kanta za ta zama ba. Kowace uwa tana tsoron kada 'yar wani ta ɓata mata 'ya. Uwa nawa ce ta taɓa zama ta tambayi kanta, ita 'yata wace irin ƙawa ce? In an ba ta amana, tana riƙewa? In ƙawarta ta kwanta ciwo, tana zuwa? In ƙawarta ta fi ta maki, tana iya taya ta murna?

To, me ya sa maganar ta fi nauyi a nan garin?

Malanville gari ne na shige da fice. Kasuwarmu tana cikin manyan kasuwannin ƙasar nan ta Benin, ana ambatonta bayan Dantokpa ta Kwatano. Albasa da shinkafa suna gangarawa kudu, gari da doya suna haurowa arewa. Ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci da Barbanci da Yarbanci a layi ɗaya. Mafi yawan mutanen gari Musulmi ne. Mu Kirista kaɗan ne, kuma da yawanmu aiki ko kasuwa ne ya kawo mu. Wani malamin makaranta ne aka turo shi daga kudu. Wata ungozoma ce a asibiti. Wani ɗan kasuwa ne daga Najeriya. Dayosis ɗin Katolika na Kandi, wanda muke ƙarƙashinsa, sai a 1997 aka kafa shi. Ke nan ikkilisiyar yankin nan ba ta daɗe da kafa ƙafa ba.

Ku dubi yarinyar da ta taso a irin wannan gida. Kakarta tana can kilomita ɗari bakwai da wani abu. Gwaggonta sai Kirsimeti, in ma an samu kuɗin mota. Babu yayar uwa a bayan gida da za ta ruga ta faɗa wa damuwarta. Wa ya rage mata? Ƙawa. Ƙawa ce ke jin abin da uwa ba ta ji ba. Ƙawa ce ke fara sanin wanda ya tsayar da ita a hanyar famfo. Idan haka ne, ai ba abin da za a bar wa sa'a ba ne.

Kakanninmu ba su bar shi ga sa'a ba. Akwai wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo. Wata Baturiya, Mary Smith, ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta, aka buga a 1954. Wanda ya san labarinta ya san yadda matan zamanin da suke ɗaukar ƙawance. Ƙulla shi ake yi, jama'a su shaida. Yana da haƙƙi. Ran aure ƙawa tana da aikinta. Ran suna tana da nata. Ran rasuwa ba a aika mata, da kanta take zuwa. Yarinya tana tasowa tana ganin wannan a wurin uwarta, ta san ba "jininmu ya haɗu" kaɗai ba ne. Ɗawainiya ce.

Yanzu mu shiga darussan. Na farko mai sauƙin faɗa ne. Ƙawa tana zuwa.

'Yan matanmu sun san labarin Maryamu uwar Yesu. Sun san da ta ji 'yar uwarta Alisabatu tana da ciki a tsufanta, ba saƙo ta aika ba. Tashi ta yi ta nufi ƙasar duwatsu ta Yahudiya. Ta zauna da ita wajen wata uku. Muna karanta wannan duk gabanin Kirsimeti. Amma mun taɓa ce wa yarinya, to, ke fa, wa kika je wa?

Mu nan mun ga wannan darasi da idonmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, an rufe iyaka. An gicciye kwantena a kan gadar da ke tsakaninmu da Gaya. Manyan motoci suka yi layi har inda ido ba ya kaiwa. Ko da ɓangaren Benin ya buɗe a Fabrairun 2024, ɗaya ɓangaren bai buɗe ba. Kowa ya ji a jikinsa. Amma ku tuna bakin kogi a watannin nan. Mata suna tattare zani, suna taka laka, suna shiga kwale-kwale da goyo a baya da ƙunshin sabulun barka a ka. Kuɗin fito ya hau, ruwa yana da haɗari, ba su fasa ba. Wata gaisuwar mutuwa za ta Gaya. Wata suna. Wata dubiya. Da yawansu ba dangi za su gani ba, aminiya ce ta tun ƙuruciya. Zumunci a ƙafa yake, aka ce.

'Yata, ke ba a ce ki tsallaka kogi ba. Ƙawarki kwana uku ba ta zo aji ba. Nemi izinin Mama ki je gidansu. Ɗauki littafinki ki kwafe mata darasin da ta rasa. In zazzaɓi ne ya kwantar da ita, zauna kusa da ita. Ba dole sai kin yi dogon surutu ba. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi ba su ce uffan ba, kuma wannan zaman shi ne mafi alherin abin da suka yi masa. Aika hoton zuciya a WhatsApp ba dubiya ba ne.

To, yanzu mun zo inda nake so mu daɗe. Maganar asiri.

Kowace yarinya ta taɓa jin wannan kalma daga bakin ƙawa. "Zan gaya miki wani abu, amma kada ki gaya wa kowa." Iyaye, a nan ne 'ya'yanmu suke ruɗewa, domin ba mu taɓa rarrabe musu ba. Asiri iri biyu ne. Akwai na riƙewa, akwai na kaiwa gaba. Yarinyar da ba a koya wa bambancinsu ba, sai ta yi akasi. Ta watsa na riƙewa, ta binne na kaiwa gaba.

Wanne ne na riƙewa? Ƙawarki ta ce miki ta fara ganin al'ada, kunya take ji. Ta ce tun da aka rufe gada Babansu ba ya samun lodi, jiya ba a ɗora tukunya ba a gidansu. Ta ce akwai yaron da take so a ajinsu. Ta ce iyayenta sun kwana suna faɗa. Wannan amana ce. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ko kun ɓata gobe, ba makami ba ne. A da, gulma sai ta bi ƙafa, gida gida. Yanzu saƙon murya ɗaya ne, a danna, kafin magariba dukan aji sun ji. Akwai 'yan matan da suka daina zuwa lakwal saboda irin wannan tonon silili. Mu koya wa 'ya'yanmu cewa tura saƙon da aka ba ka a asirce cin amana ne, ko da ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba.

Wanne ne na kaiwa gaba? Ku saurara da kyau.

Ƙawarki tana talla a tashar manyan motoci. Ta ce akwai direban da kullum yake saye kayanta duka, ya ƙara mata jika biyu, yanzu ya ce ta same shi da dare zai ba ta waya. Ko ta ce wani malami ya ce ta zo ɗakinsa in tana son maki. Ko ta ce wata mata ta yi mata alkawarin aiki a Legas ko Kwatano, za su tafi ba da sanin gida ba. Ko ta ce za a cire ta daga makaranta a aurar da ita, ita kuwa shekararta goma sha huɗu. Ko ta ce ta yi ɓatan wata, an ba ta wani abu ta sha. Ko ta ce ta gaji da duniya, gara ta mutu.

'Yata, wannan ba asirin riƙewa ba ne. Ko ta sa ki rantse, ba na riƙewa ba ne. Ya fi ƙarfin kanki. Amma kada ki je bayan idonta. Dubi idonta ki ce, "Ina ƙaunarki, shi ya sa ba zan iya riƙe wannan ni kaɗai ba. Tashi mu je wurin Mama tare." In ba Mama ba, malamar makarantar Lahadi. In ba ita ba, Sista, ko matar fasto, ko wata malama da kika yarda da ita. Za ta yi fushi. Mai yiwuwa ta yi wata guda ba ta yi miki magana ba. Ki jure. Gara ta yi fushi tana raye, tana aji.

Kuma ku sani hukuma tana bayanku. Dokar yara ta ƙasar nan ta 2015 ta hana aurar da wanda bai kai shekara goma sha takwas ba. Dokar Disamban 2021 ta ƙara tsananta hukunci kan auren dole, da kan malamin da ke neman ɗalibarsa. Akwai layin taimakon yara, 138, kyauta ake kira. Ya kamata kowace yarinya ta san shi da ka.

A nan sai in juyo gare mu, mu iyaye mata. Zan faɗi magana mai ɗaci, amma da ƙauna nake faɗa. Sau da yawa yarinya ba ta kawo mana maganar ƙawarta don ta san inda za ta ƙare. Za ta ƙare a taron zumuntar mata. Sai a miƙe a ce, "'Yan uwa, mu sa 'yar gidan wane a addu'a," sannan a zayyana komai dalla dalla. Wannan ba addu'a ba ce. Gulma ce. Allah ya san sunan yarinyar, ya san damuwarta, ba ya bukatar mu karanta wa mata talatin. In 'yarki ta kawo miki irin wannan magana, ki rufa asiri. Ki nemi uwar yarinyar ku biyu. In abin na hukuma ne, a kai hukuma. Ran da kika watsa, ranar kika rufe bakin 'yarki har abada.

Ƙawance koyonsa ake yi, kuma a gida ake fara karatun.

Yanzu ga wata magana da ake yi ƙasa ƙasa, ni kuwa zan ɗaga ta. Shin 'yar Kirista za ta yi ƙawance da 'yar Musulmi?

Na san akwai gidajen da suke hanawa. Na san dalilinsu, kuma ban raina shi ba. Suna tsoron kada yarinya ta bar bangaskiyarta. Suna tsoron maganar aure. Amma mu dubi ajin da 'yarmu take ciki. Wataƙila su uku ne ko huɗu masu zuwa coci. In muka ce sai su kaɗai, mun yanke ta daga garin da take sha ruwansa. Yarinyar da ba ta da kowa kuwa, ita ce mai sauƙin yaudara. Duk wanda ya fara yi mata murmushi ya saye ta.

Littafinmu ma bai koya mana haka ba. Rut 'yar Mowab ce, Na'omi 'yar Baitalami. Ba ƙabila ɗaya ba, ba tashi ɗaya ba. Kuma da aka tambayi Yesu wane ne maƙwabci, bai nuna firist ba. Basamariye ya nuna, mutumin da masu sauraronsa ba sa ko shan ruwa da moɗarsa.

Ku zo mu leƙa lakwal a watan azumi. Ƙarfe goma an fito hutu, rana ta fara cizo. Yarinya tana da ƙosai a ƙunshe cikin jaka. Ƙawarta tana azumi, leɓenta ya bushe. Yarinyar da aka koya wa ba za ta buɗe ƙunshin a gabanta ba. Za ta zaga bayan aji ta ci, ta goge baki, ta dawo su ci gaba da hira. Ba wanda ya tilasta mata. Ba ta bar addininta ba. Kara ce kawai. Ran Babbar Salla ƙawar za ta zo da naman layya a kwano. Ran Kirsimeti kuma Baban yarinyar zai kira maƙwabci Musulmi ya yanka kazar, don ƙawar 'yarsa ta ci shinkafa hankali kwance. Iyayenmu sun daɗe suna yin haka. Abin da ya rage shi ne mu faɗa wa yara dalili.

Mu koya wa 'yarmu ta san abin da ta gaskata, ta iya faɗinsa ba tare da kunya ba, ba tare da gori ba. Kada ta yi wa sallar ƙawarta ba'a. Kada ta kwaikwayi kiran salla don a yi dariya. Kada kuma ta riƙe ƙawa da wata manufa a ɓoye, wai sai ta jawo ta coci, in ta ƙi a watsar da ita. Wannan ba ƙauna ba ce. Maƙwabtanmu Musulmi, mu ma muna roƙon irin wannan daga gare ku. Yarinyar da ta kira 'yar uwarta arniya a filin wasa, ba a filin wasa ta koyo ba. Haka namu in sun yi baƙar magana, daga bakinmu suka ɗauka.

Kada a ce wannan ƙaramin abu ne. A Janairun 2015 an ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. A Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar Yelwa na Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. A lokacin tsoho ne mai shekara tamanin da 'yan kai. Irin wannan zuciya ba a rana ɗaya ake samunta ba. Tun ƙuruciya ake gina ta, a benci ɗaya, a bakin rijiya ɗaya.

Sauran abubuwa biyu, zan taɓa su a gurguje.

Na ɗaya, hassada. Ran da sakamakon jarrabawa ya fito, wata ta ci, wata ta faɗi. Wadda ta faɗi ta daure ta je ta yi barka. Wadda ta ci kuma kada ta yi guɗa a ƙofar gidan wadda ta faɗi. Ta ba ta littattafanta, ta ce baɗi naki ne. Haka in an ranci dala ashirin, a mayar. Ƙananan basussuka sun kashe ƙawance da yawa.

Na biyu, ban haƙuri. "Na yi kuskure, ki yafe mini." Kalmomi kaɗan ne, amma yarinyar da ba ta taɓa jin su a bakin uwarta ba, ina za ta samo su? Akwai matan da ke zama layi ɗaya a coci, suna karɓar jibin Ubangiji tare, amma shekara biyu suna gaba saboda kuɗin adashi ko zanin anko. 'Ya'yansu suna kallo. Duk abin da malamar makarantar Lahadi ta gina da safe, mu muke rushe shi da yamma. Kuma in ƙawance ya zama mai cutarwa, ana iya ja da baya ba tare da gaba ba. A ci gaba da gaisawa, a daina bin hanya ɗaya. Wannan ma sai an koya.

Jama'a, lokaci ya ja.

Fastocinmu da Fada da Sistoci da malaman katikisim, muna roƙo ku ware wa wannan magana lokacinta. Ko Lahadi ɗaya a wata, a zaunar da 'yan mata su kaɗai da mace mai hankali. A bar su su yi tambaya. A yi musu misali da tasha da kasuwa da waya, abubuwan da suke gani kullum.

'Yan matana, gobe in kun shiga aji, ku duba wadda ke zama ita kaɗai lokacin hutu. Ku je ku zauna kusa da ita, ku tambayi sunanta.

Iyayena mata, yau da dare bayan an ci tuwo, kira 'yarki. Kada ki fara da faɗa. Tambaye ta sunan babbar ƙawarta, da unguwarsu, da abin da take so game da ita. Ki ce ta kawo ta gida ran Asabar ku gaisa, ko 'yar coci ce ko 'yar masallaci. Ki zuba mata abinci da hannunki.

 Allah ya raya mana 'ya'yanmu, ya ba mu zaman lafiya a wannan gaɓa da waccan.